Filtar Esi: Yadda Ake Kula da Matatar Iskar Cikin Mota a Ƙasar Haɗeja

Akwai wata matata a jikin mota wadda ba ruwanta da inji. Ba filtar baƙin mai ba ce, ba ta fetur ba ce, ba kuma babbar nan ta ƙarƙashin bonet da makanikai ke kira eyakilina ba. Waɗancan duka inji suke karewa, shi ya sa ba a mantawa da su ranar juyen baƙin mai. Wannan kuwa ƙirjin direba da na fasinjansa take karewa, kuma ita aka fi mantawa da ita. Masu gyara suna ce mata filtar esi. 'Yar shafal ce, faɗinta kusan santimita 20, kaurinta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, an yi ta da wani zare mai kama da takarda, an naɗe shi ninki-ninki. Mutum sai ya shekara biyar da mota bai taɓa sa ta a ido ba. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, da tsohuwar matatar da suka baro Turai ko Amurka da ita suke ci gaba da yawo a hanyoyinmu.

Kafin a taɓa ta, ya kamata a san hanyar da iska ke bi. A gindin gilashin gaba, wajen da hannuwan waifa suke kwanciya, akwai wata baƙar roba mai raga-raga. Ta nan iskar waje ke shiga. Fanka, wadda ake kira bulowa, ita ke zuƙo ta, ta bi ta cikin matatar, sannan ta ratsa wani ƙaramin lagireto mai sanyi da ke ɓoye cikin dashbod, wanda masu esi ke kira ibaforeta, daga nan ta fito ta kafofin da ke hura maka fuska. Duk abin da matatar ba ta tare ba, ko dai ya manne a jikin ibaforeta, ko ya wuce hancinka.

Turawa ne suka fara sa ta a mota, kuma damuwarsu ƙurar furanni ce da ke tayar musu da atishawa a lokacin bazararsu. Motar Saab 900, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, tana cikin na farko da suka zo da ita, daga baya a shekarun 1990 zuwa 2000 ta zama ruwan dare. Littafin da ke zuwa da mota yawanci yakan ce a canza ta bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko sau ɗaya a shekara. Wannan lissafi an yi shi ne don ƙasashen da kwalta ta rufe ko'ina, ruwa kuma yake wanke iska kusan duk wata. Su kansu littattafan sukan ƙara da cewa a wuri mai ƙura a canza da wuri. Mu a nan ba mitar kilomita ya kamata mu riƙa kallo ba, yanayin shekara za mu bi, domin kowane lokaci da irin abin da yake zuba wa matatar.

Hunturu shi ne babban mai laifi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda tsohon gadon tafki ne da ya ƙafe, kuma masana suna lissafa shi a kan gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Jigawa tana kan hanyar wannan iska kai tsaye. Ƙurar hazo ba irin ta burji ba ce. Ta fi ta laushi nesa ba kusa ba, tana shiga can cikin zaren matatar ta zauna, kuma irinta ce ke wuce hanci da maƙogwaro ta sauka cikin huhu. Mai asma, da tsoho mai tari, da jariri a bayan uwarsa a kujerar baya, su suka fi jin ta. Malamin da ke tasowa daga Dutse ko Kano zuwa Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa kowane mako yana shafe sa'o'i a rufe cikin mota, kuma duk numfashin da ya yi a wannan tafiya ta cikin matatar nan ya biyo.

Kaka kuma da nata. Mu mutanen fadama ne. Idan aka shiga yankan shinkafa da sussuka a Auyo da sauran filayen noman rani na kwarin Haɗeja, ko aka fara casar gero da dawa a tudu, iska takan cika da ƙaiƙayi. Motar da ta shiga gona ɗaukar buhuna, ko ta tsaya kusa da injin casa, sai ka tarar ɓuntu ya cika ninkin matatar taf. Ga ganyen darbejiya. Kowa yana son ajiye mota a inuwarta, amma ƙananan ganyenta da busassun 'ya'yanta ragar gindin gilashi suke faɗawa, fanka ta zuƙe su.

Damina ce ta fi ɓarna a ɓoye. Ƙurar da ta taru tun hunturu idan ta sha laima sai ta zama taɓo, taɓon kuma ya yi fumfuna. Warin rima da ke bugun hanci da zarar an kunna esi da safe, daga nan yake. A shekarar ambaliya abin ya fi muni. Wanda ya ga ruwan 2022, lokacin da ya ci gidaje a Bulangu da wasu garuruwan Kafin Hausa, ya yanke hanyoyi a masarautar Haɗeja, ya san yadda motoci suka riƙa kutsawa cikin ruwa. Duk motar da ruwa ya shiga cikinta har ya jiƙa kafet, a ɗauka matatarta ta gama aiki.

Yaya za ka gane ta cika? Alama ta farko ita ce ƙarfin iska ya ragu. Ka murɗa fanka zuwa lamba ta ƙarshe, ka ji tana ruri kamar za ta tashi, amma ka kara hannu a kafa ka ji iskar ba ta taka kara ta karya ba. Sai warin da na ambata. Sai kuma gilashin gaba ya riƙa yin gumi daga ciki lokacin ruwan sama, ya ƙi washewa da wuri, wanda hatsari ne a hanya da daddare. Wani lokaci za ka ji wani ƙas-ƙas a bayan dashbod, ganye ne ya faɗa cikin fanka.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi, kuma abin yana damuna. Mota ta daina sanyi a tsakiyar zafin Afrilu, mai ita ya garzaya wajen mai esi, kalmar farko da za ta fito ita ce gas ya ƙare. A ɗura gas, a biya, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Alhali gas ba ya ƙarewa don kansa, sai in akwai inda yake yoyo. Ka bambance abu biyu. Idan iska tana fitowa da ƙarfi amma ba sanyi, to a duba gas da kwamfireso. Idan kuwa akwai sanyi amma iskar ce ba ƙarfi, fara da matata. Toshewarta ma takan sa ibaforeta ta yi ƙanƙara saboda iska ba ta ratsa ta sosai, sai ka ga esi ya yi aiki rabin sa'a ya ɗauke, ka kashe shi ya huta, ya dawo. Haka kuma akwai wata 'yar na'ura mai rage gudun fanka, razista, wadda iskar da ke wucewa ce ke sanyaya ta. In iska ta yi ƙaranci sai ta yi zafi ta ƙone, fanka ta koma ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe kaɗai. Cika esi da gas fiye da kima kuwa kwamfireso yake wahalarwa, kuma kuɗin kwamfireso ya ninka na matata sau da yawa.

Cire ta ba aikin da sai an je gareji ba ne. A yawancin motocin Toyota da muke hawa, irin su Corolla da Camry da Sienna, da kuma Honda Accord ta 2003 zuwa sama, tana bayan durowar dashbod da ke gaban mai zaman gaba. Ka ajiye mota a fili, ka kashe fanka, ka kashe inji, ka zare makulli. Ka ɗaura takunkumi ko ka rufe hanci da rawani ko hankici, don abin da zai fito ba na shaƙa ba ne. Ka buɗe durowar ka kwashe takardu da duk tarkacen da ke ciki. A gefenta na dama za ka ga wani siririn hannu na roba da ke hana ta faɗowa da ƙarfi. Ka zare shi a hankali. A wasu motocin sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi, sai ka nemi sukundireba. Daga nan ka matsa gefunan durowar biyu zuwa ciki da tafukan hannunka har 'yan kunnuwan da ke tare ta su kuɓuce, sai ta sauko ƙasa. Kada ka yi da ƙarfi. Robar motar da ta sha ranar Jigawa shekara da shekaru ta bushe, karyewa ba ta yi mata wuya.

Da durowar ta sauko za ka ga wani dogon murfi a kwance, mai maƙalai a gefe. Kafin ka kai hannu, ka lura: idan ka ga waya ko soket mai launin rawaya a wajen, kada ka taɓa, na jakar iskar kariya ce da ke fashewa lokacin hatsari. Ka danna maƙalan murfin ka cire shi. Ga matatar nan. Kada ka yi saurin fizgo ta. Ka fara duba gefenta ka ga inda kibiya ta nuna, in da hali ka ɗauki hoto da waya. Sannan ka jawo ta a kwance, sannu a hankali, ba tare da ka karkata ta ba, domin fanka tana ƙarƙashinta kai tsaye, kuma duk ganye da ɓuntun da ke samanta ciki za su zube.

Maganar kibiya tana rikita har masu gyara. Matatar Toyota ta asali takan zo da kibiya da rubutun UP, ma'ana wannan gefen ne zai kalli sama. Amma yawancin na kasuwa AIR FLOW ake rubuta musu, wato kibiyar tana nuna inda iska ta nufa, kuma a irin waɗannan motoci iska daga sama take gangarowa zuwa fanka. Saboda haka mai UP kibiyarta sama za ta kalla, mai AIR FLOW kuma ƙasa. In ka rasa gane hanyar iskar a motarka, tsohuwar matatar za ta gaya maka: gefen da ya fi datti, ta nan iska ke shigowa.

Motocin Turai da dama ba a nan suke ajiye ta ba. A Golf 4 da Peugeot 307 sai an buɗe bonet, tana gindin gilashin gaba ta ɓangaren fasinja, ƙarƙashin murfin roba. A irin wannan, babban abin kiyayewa shi ne mayar da murfin daidai yadda yake, domin shi ke hana ruwan sama zuba kan matatar. In aka bar shi a karkace, ruwan farko na damina zai gangara cikin fanka har ƙafar fasinja. Wasu motocin Nissan da Ford kuma suna ɓoye ta can ƙasa kusa da ƙafar direba, inda sai an kwanta da tocila. Wannan in ba ka saba ba, bar wa mai gyara, amma ka tsaya a kansa ka ga abin da ya fito.

Idan ta fito, ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Mai sauran rai haske zai ratsa ta. Wadda ta mutu ba za ka ga komai ba, za ka ji ta yi nauyi, in ka buɗa ninkin ka tarar da ƙura ta daskare a ciki. Launi kaɗai bai isa hujja ba, domin akwai irin da ake sa wa gawayi a ciki, ita tun tana sabuwa toka-toka ce. Duk wadda ta jiƙe, ko ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, ko ta yage, ko gefenta ya lanƙwashe, ba ta da gyara.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko za a iya wanke ta. A'a. Zaren da aka yi ta da shi yawanci yana ɗauke da wani caji irin na lantarki da ke jawo ƙananan ƙwayoyin ƙura su manne, kuma ruwa da omo suna kashe wannan caji, su saki ninkin. Za ta fito fes a ido, amma ƙurar hazo wucewa za ta riƙa yi. In kuma ba ta bushe sosai ba, ka shuka fumfuna da hannunka. Haka ma kai ta wajen mai faci ya hura ta da iskar taya. Wannan iska ta fi ƙarfinta, tana buɗa ƙofofin zaren. Abin da za a iya yi, idan ba ta yi nisa ba kuma sabuwa ba ta samu ba, shi ne a kifa gefen mai datti ƙasa, a bubbuga ta a hankali a jikin taya, a tsince ganyen da hannu. Wannan zai ba ka 'yan makonni, ba zai mayar da ita sabuwa ba.

Kafin ka sa sabuwa, ka haska ramin da tocila. Ka tsince abin da hannu zai kai, ka goge da tsumma mai ɗan laima. A nan nake so a yi hattara sosai. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi, ko wadda aka ajiye makonni ba a tayar ba, ɓeraye suna shiga ta ragar nan su yi sheƙa a kan matatar. Idan ka ga kashin ɓera ko tsummokaran da aka tattauna, kada ka hura da baki, kada ka kunna fanka don ta fitar. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma da rani ya fi tashi a Najeriya. Ka sa safar hannu ko ka zura hannunka cikin leda, ka jiƙa tsumma da ruwan bilic da aka sirka, ka kwashe da shi, ka ɗaure komai a leda har da matatar, ka wanke hannu da sabulu. Kada dai ka tuttula ruwan cikin fanka.

Wajen saye, tafi da tsohuwar a leda. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa, domin Corolla ta 2005 da ta 2010 ba matata ɗaya suke ɗauka ba. Ka ɗora sabuwar a kan tsohuwar ka ga tsawo da faɗi da kauri sun yi daidai. Wadda ta yi ƙaranci za ta bar kafa a gefe, iska kuwa hanya mai sauƙi take bi, sai ta zagaye matatar gaba ɗaya. Wadda ta yi girma sai an danna ta, ta lanƙwashe. In ba a samu a shagunan kayan mota na Haɗeja ba, a yi sautu wajen direbobin Kano su taho da ita daga Ƙofar Ruwa, kuma a sayi biyu a ajiye ɗaya. Ka duba yawan ninkin: mai kyau ninkinta a matse yake kuma da yawa, gefenta da ƙarfi. Mai arha sosai za ka ga ninkin tsilla-tsilla, in ka ɗaga ta kana hango yatsunka ta ciki. Mai gawayi tana rage warin hayaƙin tirela da na bola, ta fi tsada, kuma ta dace da mai yawan shiga cunkoson Kano. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Kafin Hausa da Jahun da Haɗeja da ƙauyuka ba, a ganina gara ya sayi fara mai kyau ya riƙa canzawa a kan kari, da ya sayi mai tsada ya bar ta shekara biyu. Ta gwanjo kuwa, wadda aka ciro daga wata motar, ba abin saye ba ce ko nawa aka ce.

Ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita da biro a gefen sabuwar, ka zura ta ba tare da dannawa ba, ka mayar da murfi har ka ji ya ce ƙas, ka ɗaga durowa, ka maƙala hannunta. Ka tayar da mota ka gwada fanka a kowace lamba. Duka aikin bai fi minti goma ba.

Wani zai buɗe ya tarar ramin wayam. Ko dai motar ba ta zo da ita ba, ko wani mai gyara ya cire ya yar don iska ta ƙara ƙarfi. Iskar takan ƙaru kam, na ɗan lokaci. Bayan nan ƙurar sai ta koma jikin ibaforeta, wadda kullum a jiƙe take, ta zama laka a tsakanin siraran haƙarƙarinta, kuma wanke ta a yawancin motoci sai an sauke dashbod gaba ɗaya. In akwai ramin, a sa matata. Tsofaffin motocin haya da ba a yi musu wajen sa ta ba, abin da ya rage shi ne share ragar gindin gilashi a kai a kai. Kada a cusa soso ko tsumma a hanyar iskar, fanka za su kashe.

Yadda ake amfani da esi ma yana ƙara wa matata kwana. Akwai maɓalli mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a cikinta, wanda ke rufe ƙofar iskar waje ya riƙa juya ta ciki. Ka danna shi idan kana bin bayan tifa a hanyar burji, ko ranar da hazo ya rufe gari, ko za ka ratsa inda ake ƙona ciyawa. Amma kada ka bar shi haka tun daga Haɗeja har Kano da mota cike da mutane, domin numfashinku ne ke taruwa, yana kawo nauyin kai da gyangyaɗi. In hanya ta washe, ka buɗe iskar waje na wasu mintuna. Sannan a sani, babu matatar da ke tare gubar hayaƙin salansa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ko da mai gawayi ce. Kwanciya barci a mota da inji a kunne da gilasai a rufe, musamman a cikin gareji, yana kashe mutane.

Da damina, idan ka kusa isa gida, ka kashe maɓallin esi ka bar fanka tana aiki minti uku zuwa biyar, don cikin ya bushe kafin mota ta kwana. Ka riƙa leƙa ƙarƙashin mota ta ɓangaren fasinja bayan esi ya yi aiki: ya kamata ka ga ruwa yana ɗiga. In babu, kuma kafet ɗin gaba yana jiƙewa, bututun da ke zubar da ruwan ya toshe da laka, sai a zura masa siririyar roba a buɗe shi. Masu fesa turare a jikin matata don kashe wari su daina, man turaren ƙura yake kamawa. Turaren wuta ma in za a yi wa mota, a yi shi fanka tana kashe, a buɗe ƙofofi hayaƙin ya fita kafin a kunna.

Ga mai mota a Kafin Hausa, shawarata a sa sabuwa a ƙarshen kaka, wajen Nuwamba, bayan an gama da ƙaiƙayi, don ta tari hunturu da ƙarfinta. A ciro ta a duba a tsakiyar Janairu. A sake sa wata a Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko ya sauka a kan ƙurar da ta tara, wanda kuma shi ne lokacin da aka fi buƙatar esi. Direban haya da mai shiga ƙauyuka kullum su riƙa duba tasu duk ranar da suka je juyen baƙin mai.